Babi na 6: Tafiyar Kwanaki a Kan Keke

Darasi na 1: Shiri

'Yan'uwa ɗalibai, mu ɗauka ku uku ne za ku tashi daga Wudil a kan keke, ku bi ta Gaya ku isa Dutse, kuna kwana inda dare ya yi muku. Ku bari sai an gama girbi, hunturu ya shigo. Rana ba ta duka sosai a lokacin, amma dare akwai sanyi, saboda haka kada a manta bargo.

A kan kariya a ɗaure tabarma, bargo, gidan sauro, buta da jarkar ruwa mai lita 5. Guzuri kuwa garin kwaki, ƙuli-ƙuli da dabino sun isa, ba sa lalacewa. Kayan faci a ƙulle su daban: famfo, sholisho, faci, samfefa, sifana. Wanda ba shi da tiyub na ajiya ya saya ranar Juma'a a kasuwar Wudil.

A bakin titi za ku ga allo, misali an rubuta DUTSE 20 km. Haruffan nan biyu, k da m, suna nufin kilomita. Lambar kuma tafiyar da ta rage muku ce, ba wadda kuka riga kuka yi ba. Ku kwafa a littafinku sau uku.

Darasi na 2: Faci

Nan ne nake so ku natsu. Da zarar kun sauka daga kwalta kun shiga burtali, akwai tsidau, akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa, kuma ba lalle ku sami mai faci kusa ba.

Ka kifa keken, sirdi a ƙasa. Zare tiyub ɗin, ka ba shi iska kaɗan, ka tsoma a ruwa. Inda ka ga ƙananan kumfa na tasowa, nan hujin yake. Goge wurin ya bushe, kankare shi da samfefa, shafa sholisho kaɗan, ka jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ka manna facin ka danne sosai.

Yanzu tsaya. Kada ka mayar da tiyub tukuna. Sa yatsunka cikin tayar, ka zagaya a hankali tun daga wajen bawul har ka dawo wajen bawul. Ƙayar da ta huda tiyub tana nan maƙale, kanta kaɗai ya leƙo ciki, ido ba ya ganinta sai yatsa ya ji. A hankali, don kada ta soke ka. In ka ji ta, cire ta. In ba ka ji komai ba, sake zagayawa.

Ku faɗa tare: a laluba taya kafin a mayar da tiyub.

Wanda ya manta a karon farko kada ya ji kunya, hannu ne bai saba ba. A makon jiya wani dattijo a ajinmu ya yi faci mai kyau ƙwarai, ya ba da iska, ya hau, bai kai bakin ƙofar makaranta ba tayar ta kwanta. Muka buɗe, sai ga tsinin tsidau kamar ƙwayar gero. Na ce, Baba, facinka ba laifi, lalube ne ya rage. Ya sake, ya yi daidai.

Amma haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Har yanzu akwai masu tura tiyub da gaggawa ina tsaye a kansu. A cikin daji, magariba ta gabato, faci ɗaya ya rage a aljihu, wa za ka kira? Laluba tayar. Ko kana sauri, laluba. Ko abokan tafiya sun yi gaba, laluba, za su jira.

Darasi na 3: Wurin kwana

Ku tsaya tun da la'asar. Ku yi sallama wurin mai unguwa, ku faɗi daga inda kuke da inda za ku, ya nuna muku zaure ko gindin bishiya kusa da gari. Kada a shimfiɗa a gonar mutane. A haska ƙasa da tocila saboda kunama, da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa.

Darasi na 4: Da asuba

A matsa taya a ji iska, a gwada birki, a ɗiga baƙin mai a sarƙa, a cika jarka.