Yadda Za Ka Sa Bash Ya Nuna Maka Inda Kake Aiki

Da farko, buɗe fayil ɗin `~/.bashrc` da nano (manhajar gyara rubutu), domin shi Bash, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake rubutawa, yake karantawa duk lokacin da ka buɗe sabuwar tagar umarni. Sauka can ƙasa ka rubuta wannan layi:

`PS1='\u@\h:\w $(git branch --show-current 2>/dev/null)\$ '`

Alamar `\u` tana nuna sunan mai amfani, `\h` sunan kwamfutar, `\w` kuma babban fayil ɗin da kake ciki. Sashen git (manhajar da ke bin diddigin gyare-gyaren aiki) yana nuna reshen aikin da kake kai, wato branch, kuma ya fi muhimmanci a ganina, domin wanda bai san reshen da yake kai ba yana iya tura gyara inda bai dace ba. Umarnin `git branch --show-current` yana aiki ne daga Git 2.22 zuwa sama.

Ka kula sosai da alamar zance: ta zama mai ɗaya ('). Idan ka sa mai biyu ("), Bash zai duba reshen sau ɗaya tak, ya ci gaba da nuna shi ko da ka sauya.

Daga nan ka adana, ka rubuta `source ~/.bashrc`, sannan ka shiga wani aikin git ka gwada.