Yadda za ka sa a haɗa maka firam ɗin keke daidai jikinka a Damagaram

Ba wanda zai kai shadda wurin tela a Kasuwar Dole ya ajiye ya juya ba a gwada shi ba. Amma keken da mutum zai yini a kai, ya yi ɗiban ruwa da shi, ya kai yara makaranta, sai mu ɗauke shi yadda muka same shi. Dogo da gajere duk girma ɗaya suke hawa. Shi ya sa za ka ga dattijo yana miƙa ƙafa da ƙyar kafin ya taɓo feda, ko saurayi ya dunƙule, gwiwa na neman bugun hannun keke. Ciwon bayan da ake ɗora wa shekaru, sau da yawa daga nan yake.

Firam shi ne ƙashin keke, bututun ƙarfen nan da taya da sirdi da feda suke rataye a jikinsu. A wasu ƙasashe ɗinka shi sana'a ce mai zaman kanta. Akwai shagon Alex Singer a gefen birnin Paris tun 1938, akwai Mercian da aka kafa a Derby ta Ingila a 1946. Za a auna ka, a tambaye ka irin hanyar da kake bi, ka ba da kafin alƙalami, ka jira watanni. Mu a nan abin da muke da shi mutum biyu ne, mai gyaran keke da mai walda. In ka iya zaunar da su wuri ɗaya, kai kuma ka san abin da kake so, aikin zai yiwu.

Ka fara da faɗa wa kanka gaskiya a kan aikin da keken zai yi. Wanda zai bi kwalta zuwa Mirya ya dawo, kilomita 18 kowace tafiya, bukatarsa daban da ta wanda zai ratsa rairayin unguwa da jarkoki. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, huɗu sun zama 100, ban da nauyinka. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief take rabawa a ƙasashen Afirka, an yi kariyarsa ta ɗora kaya a baya ne don ta ɗauki kilo 100, kuma a kan haka aka tsara sauran jikinsa. Keken kaya yana son baya mai tsawo, kamar santimita 45 ko sama daga tsakiyar feda zuwa tsakiyar tayar baya, don nauyi ya zauna kan taya kada gaba ya riƙa ɗagawa. Yana kuma son fili a bar wa taya mai faɗi, wadda ba ta nutsewa cikin yashi.

Daga nan sai awo. Cire takalmi, ka jingina da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi har ya tokare ka kamar sirdi. Wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A ce an sami santimita 82. Ninka da 0.65, ya ba ka kusan 53: tsawon bututun da sandar sirdi ke shiga ke nan. Ninka 82 ɗin da 0.883, ka sami kusan 72, nisan da ya kamata ya kasance daga tsakiyar feda zuwa saman sirdi. Lissafin masu tsere ne, don haka mai kaya ya rage kaɗan domin ƙafa ta riƙa saurin kai ƙasa. In ka tsaya da keke tsakanin ƙafafunka, a sami ratar yatsu biyu ko uku tsakaninka da bututun sama. Mai yawan hawa da babbar riga, ko mace mai zane, a sauko musu da bututun nan ƙasa sosai.

Tsawon gaba kuwa, tef ba ya faɗar gaskiyarsa duka. Ari kekunan abokai biyu ko uku ka hau, ka lura da wanda kafaɗarka ta saki a kansa, ka auna daga sirdinsa zuwa hannunsa ka rubuta.

Yanzu ƙarfe. Kada wani ya lallashe ka da bututun famfo. Nauyi gare shi, kuma farin rufin da ke jikinsa in ya ji wuta hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Bututun keke na ainihi sirara ne ƙwarai. Kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar dabarar kaurara bakin bututu a sirance tsakiyarsa tun 1897, kuma har yau masu kyau kaurinsu bai cika milimita ɗaya ba: 0.9 a baki, 0.6 a tsakiya. Mu inda za mu samu shi ne jikin tsofaffin kekuna, ko na gwanjo ko waɗanda suka mutu a bayan rumfar mai gyara. Tafi da mayen ƙarfe a aljihu. In bai kama ba, alminiyam ne, ka bar shi, domin bayan walda sai an gasa shi a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo. In ka ga an rubuta 4130 ko Cr-Mo a jiki, alamar ƙarfe mai kyau ke nan, ka yi dace. Shafa ƙarƙashin bututun ƙasa da yatsa, kusa da wuya, wato gajeren bututun gaba da hannun keke ke juyawa a cikinsa. In ka ji ƙulu ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo. Girgiza shi kusa da kunne, in tsatsa na zuba a ciki kamar tsaba, ajiye.

A karon farko shawarata ita ce ka nemi firam wanda bututun sirdinsa ya yi daidai da awonka, ka bar bayansa yadda yake, a sake gaba kawai: bututun sama da na ƙasa da wuya. Wani firam ɗin da ya fi girma shi zai ba da bututun da za a yanka.

Kafin zarto ya taɓa komai, a zana keken da cikakken girmansa a kan faffaɗan katako ko siminti mai laushi. A ja layin ƙasa, a sa tsakiyar tayoyin biyu, a sa gidan feda, wato gajeren bututun da sandar feda ke juyawa a ciki, kamar santimita 27 zuwa 28 daga ƙasa. Karkatar wuya ita ce ke sa keke ya yi hankali ko ya yi rawar kai. Na tsere suna wajen digiri 73, manyan kekunanmu masu taya 28 sun fi kwanciya baya, shi ya sa suke tafiya a natse da kaya. Kwafi karkatar daga keken da ka ji daɗinsa, ka yi amfani da fok irin nasa, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba.

Gyaran bakin bututu shi ne inda ake gane mai haƙuri. Bututu zagayayye zai haɗu da wani zagayayye, don haka sai an ƙwaƙule bakinsa da magagari mai zagayayyen baya, ya zama kamar bakin kifi, ya rungumi ɗan'uwansa. A goga, a gwada, a ɗaga wa rana. Muddin haske na ratsawa, da saura. Na ga baki ɗaya ya ci wa mutum daga hantsi har azahar, kuma bai yi asarar lokaci ba, domin ratar da aka bari aka cike da narkakken ƙarfe, nan ne firam ke fara tsagewa. A kuma huda ɗan ƙaramin rami a duk bututun da zai rufe ta baki biyu, don iska mai zafi ta sami mafita. In an ciro gidan feda daga wani keken, a yi masa alama kafin a ɗora: a yawancin kekuna zaren murɗawa na gefen dama ta hagu yake ɗaurewa, in aka juya gidan, kwanon da ke riƙe sandar feda zai riƙa kwancewa a hanya. Tsofaffin na Faransa da Italiya ne suka bambanta.

Sai wuta, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Firam ɗina na farko na kai wa wani mai haɗa ƙofofi da tagogi, gwani ne a aikinsa, ya sa masa waldar lantarki. Sandar da ke cin ƙarfen ƙofa lafiya lau, huda bututun keke take yi. Ya huda, ya cike, ya goge, fenti ya rufe. Bai yi wata biyu ba, ina tafe da jarka uku, na ji gaba yana lilo. Na sauka na ga tsaga ta zagaye ƙasan wuya saura kaɗan ta haɗe. Da a gangara ne, da labarin ya sha bamban.

Na kai wa wani dattijo mai waldar gas, irin masu gyaran lagireto da tankin mota. Ya juya shi, ya kankare fentin da wuƙa.

Ya ce, "Ɗana, wannan ai ba haɗa shi aka yi ba, dafa shi aka yi."

Na ce, "Baba, to yaya ake yi?"

Ya ce, "Ƙarfen ba ya narkewa. Tagulla ce ke narkewa ta bi shi."

Haka aikin yake. A goge wurin haɗin da samfefa har ya yi fari, a wanke maiƙo, a shafa hodar walda. A zafafa da harshen gas har ƙarfe ya yi ja kamar garwashi, wajen digiri 900, sai a kawo sandar tagulla ta narke ta shige haɗin, a tara ta kewaye da shi sumul. In jan ya koma ruwan ɗorawa mai haske, an wuce gona da iri. Don haka a yi aikin a inuwa inda ido zai ga launin, kuma a kare shi daga iskar hunturu, mai karkatar da harshen wuta ta kuma sanyaya ƙarfe da gaggawa. Tukunyar kabayid da ke ba da gas ɗin ta yi nesa da wurin, mai aiki ya sa tabarau. Kada a cika haɗi ɗaya gaba ɗaya tun farko. A ɗiga tagulla kaɗan a kowane haɗi don ta riƙe, a mayar kan zane a duba, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. In an gama a bar shi ya huce da kansa. Yaron shago zai so ya watsa masa ruwa don a yi sauri, ka hana shi.

Gwajin miƙewa ba ya bukatar na'ura. Ɗaura zare a kunnen da ke riƙe tayar baya ta dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a kunnen hagu, ya yi tsauri. Auna daga zaren zuwa bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita biyu, baya ya karkace, a danna shi a sanyi a hankali har ya daidaita. Sa tayoyin ka tsuguna ta baya ka hango, ta gaba ta ɓuya a bayan ta baya.

A kankare ragowar hodar tas, domin tana cin fenti daga ciki. Kada ka yi fentin tukuna. Mai gyara ya ɗaura komai, ka hau shi tsirara mako guda, kwana biyun farko ba kaya, sannan jarka ɗaya, sannan biyu. A fili marar mutane ka ɗan sassauta hannu ka ji ko yana ja gefe ɗaya. Kowace yamma ka goge haɗe-haɗen da tsumma ka haska da tocila, musamman ƙasan wuya da kewayen gidan feda, kana neman layi siriri kamar gashi. In mako ya cika ba ka ga komai ba, a goge tsatsar da ta fara, a sa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da launin da kake so, a ɗiga ɗan baƙin mai cikin bututun ta ramukan iskar nan kafin damina ta sauka.