Yadda Ake Zaɓen Kalmar Fushi da Ta Dace a Turanci

Ɗaliban da ke zuwa darasin yamma a Kano domin shirin jarrabawar WAEC ko NECO, da ma'aikatan da ke rubuta takardar koke zuwa ga shugabanninsu, kusan kuskurensu iri ɗaya ne idan aka zo bayyana fushi da Turanci. Ko dai mutum ya maƙale wa "angry" da "annoyed" yana ta juya su a kowace jimla, ko kuma ya buɗe ƙamus ya ɗauko kalmar da ta fi tsawo, a tunaninsa tsawonta shi ne nauyinta. Alhali waɗannan mutanen idan da Hausa suke magana ba za su taɓa cakuɗa haushi da takaici ba.

Saboda haka mataki na farko da Hausa ake yin sa, tun kafin a taɓa ƙamus. Ka tambayi kanka shin wanda kake bayar da labarinsa haushi ya ji, ko ransa ne ya ɓaci, ko hasala ya yi, ko kuwa ya ƙullaci wani ne ya riƙe a zuciya. Wanda bai tantance wannan da harshensa ba, ba zai tantance shi da harshen wasu ba.

Mataki na biyu shi ne auna ƙarfin fushin. A ƙasa akwai "irritated" da "annoyed", wato haushin ƙaramin abu, irin wanda mutum ke ji idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar guga, ko mai adaidaita sahu ya tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar titin Zoo Road. "Cross" ma a nan take, sai dai ta mutanen Ingila ce, kuma an fi jin ta a bakin uwa tana yi wa yaro faɗa. "Angry" tana tsakiya, ita ce fushi gama-gari. A sama kuma akwai "furious", "livid" da "enraged", wato fusata da harzuƙa. Waɗannan ukun sun riga sun kai ƙarshe, don haka ba a ɗora musu "very" a gaba. Idan dole sai an ƙara, "absolutely furious" ake cewa. Ni dokata ga ɗalibai ita ce kada "furious" ta fito fiye da sau ɗaya a insha'i guda.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi kayar da mutane, har waɗanda Turancinsu ya yi nisa, domin akwai kalmomin da dalilin fushin ne ya raba su, ƙarfinsa bai shigo ciki ba. "Indignant" fushi ne na wanda yake ganin an yi rashin adalci ko an ci zarafinsa ba tare da laifi ba, kamar ɗan kasuwar Kantin Kwari da aka tuhuma da tauye yadi alhali ya auna daidai. Idan ɗan kasuwan nan ya san ya tauye, to ba a ce masa "indignant", ko da ya yi ta zazzaga masifa. "Outraged" ƙanwarta ce mai ƙarfi, ana amfani da ita ga jama'ar da wani mummunan aiki ya girgiza, shi ya sa ta fi yawa a jaridu. "Exasperated" ta wanda haƙurinsa ya ƙare ce bayan ya maimaita magana har ya gaji, kamar malamin da ya yi bayani sau da yawa amma ɗalibi ya sake yin kuskuren. A cikinta akwai gajiya fiye da zafin rai. "Frustrated" ita ce mafi kusa da takaici, domin tana nuna mutum yana son abu an tare masa hanya kuma babu yadda zai yi, kamar wanda ya wuni a layin banki aka ce babu sabis. Sau da yawa wanda yake "frustrated" ba shi da wani mutum takamaimai da zai ɗora wa laifi, kuma wannan ne ya raba ta da "angry". "Resentful" kuwa fushi ne na ɓoye mai daɗewa, wato ƙullata, irin na ma'aikacin da aka ɗaukaka ƙaninsa a aiki aka bar shi, yana gaishe shi kullum amma abin na ransa. Idan ya ƙara tsufa sai ya zama "bitter". "Offended" ta wanda aka taɓa mutuncinsa ce da magana, "upset" kuma ɓacin rai ne da ya fi kusa da baƙin ciki, har mai shi kan yi hawaye. Idan jarrabawa ta kawo tambayar nan ta neman kalma mafi kusa da ma'ana, a irin wannan wurin takan kafa tarko, domin zaɓin da aka bayar duka kan iya zama na fushi, dalili kaɗai ya bambanta su.

Mataki na huɗu shi ne kiyaye kalmomin da ma'anarsu a Najeriya ta sha bamban da ta waje. A Turancin buroka da ake ji a Sabon Gari, "vex" ita ce fushi kowane iri, amma a daidaitaccen Turanci "vexed" tsohuwar kalma ce mai nufin damuwa da ɗan haushi, kuma mai makin jarrabawa ba zai yi maraba da ita ba. "Annoyed" ma mun ɗora mata nauyin da ba nata ba, mutum zai ce yana "annoyed" da wanda ya cinye masa gado, Bature kuwa ya ɗauka abin bai taka kara ya karya ba. Sai "mad", wadda a Amurka fushi take nufi, a Ingila kuma ta fi karkata ga hauka, kuma irin ta Ingila muka gada. Matasa sun kwaso ta Amurkan daga finafinai, amma kada ka kuskura ka tambayi dattijo ko maigidanka da ita ko ya yi fushi da kai.

Na biyar, ƙananan kalmomin da ke biyo baya. Ana "angry with" mutum, ana "angry about" al'amari. "Furious" da "annoyed" ma haka suke tafiya, "resentful" kuma "of" take ɗauka. Ka kuma lura da wutsiyar kalma, domin "annoyed" shi ne wanda aka ba haushi, "annoying" kuma mai ba da haushin, kuma ɗalibai da yawa sun rubuta cewa su ne masu ban haushi ba tare da sun sani ba. Mai saurin fushi a halinsa shi ne "short-tempered", wannan hali ne, ba yanayin rana ɗaya ba ne.

Na ƙarshe shi ne duba inda maganar za ta je. A takardar ofis "displeased", "dissatisfied" ko "disappointed" sun wadatar, kuma sun fi sa a karanta kokenka har ƙarshe. "Irate" ta 'yan jarida ce, "wrath" kuma a bar ta ga littattafan addini da adabi, inda ake maganar fushin Ubangiji. Game da kayan aiki, littafin jerin kalmomi masu kama da juna, irin wanda wani Baturen Ingila mai suna Roget ya fara fitarwa a 1852, yana jero kalmomin ne kawai ba ya raba su, don haka shi ne ke haifar da wasu daga cikin kurakuran da na lissafa. Ƙamusun Oxford na masu koyo ya fi amfani saboda yana kawo misalan jimloli, kuma ba sai ka sayi sabo ba, tsohon bugu na hannu daga masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari ya isa, ko ka duba shi kyauta a intanet. Duk kalmar da ka ɗauko, ka kwafe ta tare da jimlarta cikakkiya a littafin rubutunka, ka rubuta Hausarta a gefe.