Yadda za ku tunkari waƙar akwatin zuma ba sai kun yi haddar bayanin wani ba

Toh jama'a, ɗalibaina na lesin ɗin yamma a nan Tudun Wadan Gombe sun ishe ni da ƙorafi kan waƙar nan ta Sylvia Plath, The Arrival of the Bee Box, wai mace ta yi odar akwatin ƙudan zuma da kanta kuma ta dawo tana tsoronsa, meye abin nazari a ciki? Bari in rubuta yadda nake bi da su, wanda zai amfana ya amfana.

Kafin ku taɓa waƙar ku fara sanin zumar tukuna. Duk wanda ya bi hanyar ƙauye ya ga amya a rataye a kan ɗorawa ko tsamiya, kuma a wajenmu ɗibar zuma aikin maza ne, da dare, da hayaƙi. Amma cikin amyar gari ne na mata kusan zalla, masu fita neman furanni mata ne, masu gina saƙa mata ne, masu harbin ma mata ne, uwa guda ce ke zuba ƙwai, mazan ko harbi ba su da shi kuma in abinci ya yi ƙaranci waje ake koro su. 'Yan Islamiyya ku duba Suratun Nahli aya ta 68 da 69, umarnin da aka ba ƙudan zuma da lafazin mace ya zo. In ba ku san wannan ba jigon mace zai wuce ku kuna kallo.

Sai ku karanta waƙar a bayyane sau biyu, ba a zuci ba. Karo na uku ku ɗauki fensir, gefen kowane baiti ku rubuta kalma ɗaya tak, "ita" ko "su", wato wa ke riƙe da iko a nan, matar ko ƙudan. Wallahi wannan ɗan aikin ya fi muku handaut goma. A farko ita ce, don ta buɗe baki da cewa ita ta yi odar akwatin, amma tun ba a je ko'ina ba ta kwatanta shi da makarar wada ko ta jariri, kun ga tsoro ya leƙo kenan. Akwatin a kulle yake amma ta kasa nesa da shi, ta leƙa ta ɗan ragar ba ta ga komai ba sai duhu, ta kasa kunne ta ji guna-guni kamar na taron talakawan Rum da suka fusata suna wani yare da ba ta ji, sai ta ce ita fa ba Kaisar sarkin Rum ba ce. Daga nan kuma ta murje ido, ai kayanta ne, in ta ga dama ta mayar, in ta ga dama ta hana su abinci su mutu. Ku tsaya a nan da kyau. Mai iko na gaske ba ya tsayawa yana nanata wa kansa cewa shi ne mai gida, wanda gabansa ke faɗuwa ne ke yin haka, kamar sabuwar monita da ke ta buga tebur. Shaida kuwa nan take ta koma tunanin ko suna jin yunwa, ko za su manta da ita in ta buɗe ta rikiɗe ta zama bishiya. Zuma ga zaƙi ga harbi, ikon ma haka ya zo mata.

Akwai baitin da ni kaina ba na jin daɗinsa, inda ta kamanta ƙudan da hannuwan 'yan Afirka da aka cusa wuri guda za a fitar da su waje, hoton jirgin bayi kenan ƙarara. Kar ku tsallake shi don kunya, kar kuma ku tsaya zagi kawai. Ku faɗi aikin da yake yi, ya mai da ita uwargijiyar bayi tana ji tana gani, sannan kuna da haƙƙin ku ce baturiya ta ari azabar kakannin wasu ta auna damuwarta da ita, kuma awon ya yi nauyi. Mai makin yana son ya ga hujja ne, ba sai kun yabi marubuciyar ba.

Zubi da tsari ba wuya, baiti bakwai ne 'yan ƙwar biyar, babu tsayayyen amsa-amo irin na waƙoƙinmu, sai ɗango guda da ya fice shi kaɗai a ƙarshe yana cewa akwatin na ɗan lokaci ne. Baitocin kamar akwatuna, ɗangon kamar ƙuda ɗaya da ya sami ƙofa. Amma ku lura, gobe ta ce za ta sake su, ba yau ba, kuma kun san goben Bahaushe.

Tarihinta kuma a sa shi kamar gishiri. Ba'amurkiya ce, ta rubuta waƙar a watan Oktoba 1962 tana zaune a Devon ta Ingila inda ta fara kiwon zuma da gaske, lokacin aurenta da Ted Hughes na wargajewa ga yara biyu ƙanana. Babanta Otto Plath masanin ƙwari ne, ya fitar da littafi kan wani jinsin ƙudan zuma a 1934, ya rasu a 1940 tana 'yar shekara takwas. Ita ta rasu a Fabrairun 1963, waƙar ta fito cikin littafin waƙoƙinta Ariel a 1965. Layi biyu ya isa, don na sha makin takardar da shafi ɗaya da rabi duk gulmar mijin ce, waƙar ko oho.

Wajen jigon mace nan ne yaranmu ke zamewa. Da sun ga akwati a kulle sai su rubuta kulle, da sun ga mayafi sai su ce niƙabi. A'a. Mayafin da ke cikin waƙar, ragar da mai kiwon zuma ke rufe fuska da ita ce, ita kuma ta kira shi na jana'iza saboda baƙin mayafin da matansu ke sawa wajen makoki. Abin tambaya shi ne, mace ce a waje riƙe da makulli, mata ne a ciki suna ihu, to ita tana wane ɓangare? Ni a ganina duka biyun, abin da ta kulle fushinta ne da muryarta, shi ya sa take tsoronsa kuma ta kasa barinsa. Wani zai ce waƙoƙin da ke cin ta a ciki ne, shi ma ya samu in ya kawo ɗango. Waƙoƙin zumar biyar ne a jere, in kuna da data ku nemi Stings da Wintering, a can ne uwar amya ke tashi sama, matan kuma su kori mazan su zauna jiran sanyi ya wuce.

Wajen rubuta amsa ku fara da jimla ɗaya mai ɗauke da matsayinku, misali iko da tsoro a waƙar nan hannu suke canjawa baiti bayan baiti, sai ku bi alamomin fensir ɗinku ɗaya bayan ɗaya kuna kafa hujja. 'Yan ajina ranar Asabar kowa ya zo da takardarsa da "ita" da "su" ɗinsa a gefe, wanda ya kwafo daga intanet kuma zan gane tun daga layin farko.