Yadda ake daidaita firam ɗin zane mai motsi da bidiyon talabijin mai saƙaƙƙun layuka

Yawancin tamfulet (shiryayyen zane) na After Effects, manhajar haɗa zane mai motsi, da editoci ke saukewa daga intanet an gina su ne kan firam (hoto ɗaya-ɗaya na bidiyo) 30 ko 29.97 a daƙiƙa, ƙa'idar Amurka. Talabijin a Najeriya da Nijar kuwa kan firam 25 take. Idan tasha ta nemi aiki a 1080i50, kowane firam rabe yake gida biyu: a nuna layi na 1, 3, 5 har ƙasa, sannan na 2, 4, 6, wato rabin hoto 50 a daƙiƙa; wannan shi ne saƙaƙƙun layuka. Ka jefa zane mai firam 30 a kan wannan, manhaja za ta zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, sai rubutun da ya kamata ya sulale ya riƙa tsalle.

Da farko buɗe bidiyon kyamara da manhajar MediaInfo ka ga yawan firam da rabin da ke fara fitowa. A 1080i na sama (layi na 1, 3, 5) ne ke farawa. A tsohon kaset na DV kuwa na ƙasa ne.

Daga nan koma tushe, wato ainihin fayil ɗin da aka haɗa zanen a ciki, domin gyaran can yake. A After Effects shiga Composition Settings ka mayar da firam 25. Motsin da aka tsara yana bin lokaci ne, don haka manhajar za ta sake lissafa shi sumul. Bi duk ƙananan kwamfozishan (sassan zanen) da ke ciki ka sauya su ma. A nan mutane da yawa ke yin sakaci, su gyara na waje su bar na ciki.

Wajen renda, wato fitar da zanen ya zama bidiyo, a Render Settings nemi Field Render ka zaɓi Upper Field First idan 1080i ne. Manhajar za ta zana motsin sau 50 a daƙiƙa ta saƙa shi, ya yi tafiya ɗaya da hoton kyamara. Idan zanen zai hau kan bidiyo, fitar da shi a tsarin fayil na ProRes 4444 don bayansa ya zama fayau, a riƙa ganin bidiyon ta cikinsa. Ka kuma kula da siririn layin kwance mai kaurin fiksel (ɗigon hoto) ɗaya: yana faɗawa cikin rabi guda ne kawai, sai ya riƙa ƙyaftawa. Mayar da shi fiksel 2, ko ka ɗan dusashe shi daga sama zuwa ƙasa.

To idan gamammen fayil aka ba ka fa? Mai firam 24 ba wuya: a Interpret Footage ka sa a karanta shi a 25, saurinsa zai ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100, ido ba ya kamawa, sai dai a gyara sauti. Mai firam 30 shi ne ciwon kai. Karanta shi a 25 zai mayar da daƙiƙa 10 zuwa 12, wanda ni na fi so in dai lokaci ya ba da dama. Optical Flow na manhajar Premiere Pro, mai ƙirƙirar sababbin firam a tsakani, yana riƙe tsawon, amma yakan lauye gefen haruffa, kuma sunan baƙon shiri ba abin da za a bari ya lauye ba ne.

Kafin miƙa aiki, kalle shi a talabijin ta na'urar da ke fitar da 1080i. Allon kwamfuta yana ɓoye kuskuren jerin rabi. A talabijin za ka ga motsi yana karkarwa gaba da baya. In ka ga haka, sauya Field Render ka sake renda.