In bututun mai ko wani kamfani ya taɓa maka gona, ga ta inda za ka fara

Ƴan uwa, tun da aka ja bututun man nan daga Agadem a nan Nijar ya ratso Diffa da Damagaram ya bi ta jihar Maradi ya wuce har Seme a Benin, wajen kilomita 2000, kowa ya iya cewa diyya, amma maganar takarda har yanzu da sauranmu.

To kafin komai ka nemi takardar gonarka. Ko gadon kaka da kakanni ce, je wajen mai gari, shi ke shugabantar kwamitin filaye na ƙauye wato COFOB, a kira maƙwabtan gona su shaida iyaka, a rubuta a buga hatimi, sannan ka kai ma'aikatar magajin gari a shigar. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya, amma wallahi ranar shari'a "kowa ya san tawa ce" ba ta kai ka ko'ina.

In ɓarna ta auku, mai ya tsiyaya ko mota ta take hatsi ko an sare maka gawo, kar ka tsaya zage-zage, ɗauko salula ka ɗau hoto da bidiyo a ranar, ka tsaya kusa da abin da kowa ya sani kamar rijiya ko tsamiyar bakin hanya don kar gobe a ce ba nan ba ne. Ƙirga itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Kira ma'aikatan gandun daji su gani da idonsu su rubuta.

Kuma don Allah kar ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Wani ƙanen babana haka ya yi, an miƙo masa ƴan jikkuna yana ta godiya, ashe a ciki an rubuta ya yafe komai.

Babban aiki irin na bututun nan sai an yi binciken illarsa ga muhalli, dokar 2018 ce ta ce haka, hukumar duba binciken muhalli wato BNEE ke dubawa kuma dole a saurari mutanen wurin. In an kira taro ka je, ka ce a rubuta maganarka. Makiyaya ma haka, burtali da mashaya dokar kiwo ta 2010 ta kare su.

Koke kuwa ku haɗu ku rubuta da sunan gari, ya fi na mutum ɗaya nauyi, ku yi kwafi biyu a buga muku hatimi a ɗaya ku riƙe. In rikicin iyaka ne da maƙwabci, sulhu wajen sarki ake farawa, in ya gagara ku karɓi takardar rashin sulhu ku tafi kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin hukumar agajin shari'a wato ANAJJ a babbar kotun Maradi, aikinsu ke nan taimakon marasa hali.