Yadda matasan coci za su tsara aikin dogon hutu a Katsina

Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, don haka ruwan Agusta shi ne zai tsara muku aiki. Tun a Yuli ku zauna da fasto da dattawan kowace ikilisiya, su faɗi abin da ya fi damunsu. Ku rabu rukuni-rukuni, mutum 6 zuwa 8, kowane rukuni ya yi mako guda a coci ɗaya. Idan kun fi haka yawa, rabi za su tsaya kallo.

Ku fara da rufi. Yoyo yawanci daga ramin ƙusa yake fitowa, inda tsatsa ta ci kwano. Ku duba daga ciki lokacin da ake ruwa, ku yi alama da alli, sai kwano ya bushe a hau. Mai hawa ya taka kan layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa, domin tsakiyar kwano lotsawa take. Bayan rufi sai kwata. A kwashe leda da yashi kafin ruwa ya kwanta sauro ya samu wurin haihuwa.

Fenti kuwa a bar shi sai kaka, bango mai danshi ba ya riƙe shi.

Ajin Littafi Mai Tsarki na yara a yi shi da safe, kada ya wuce awa 2.

Ranar farko ku je gaida mai unguwa, kuma ranar Juma'a a kashe lasifika, a ajiye guduma har maƙwabta su sauko daga masallaci.